Yadda Nake Maye Gurbin Bawul ɗin Rektifaya da Dayod a Tsohuwar Amfilifaya

Amfilifayar da ta koya mini wannan aiki ta wani masallaci ce da ke bayan shagon da na yi koyon gyara. A cikin buhu aka kawo ta, ɗaure a bayan babur, wani dattijo ɗan kwamitin masallacin yana biye a ƙasa yana cewa a bi a hankali. Tsohuwar ƙirar Turai ce, nauyi kamar dutsen niƙa, da bawul EL34 guda biyu a tsaye, wato kwalaben gilashin nan irin na tsofaffin rediyo, sai wani ɗan gajere kusa da taransifoma, an rubuta GZ34 a jikinsa, shi ne bawul ɗin rektifaya mai miƙe wuta. Da na ɗaga shi wajen hasken ƙofa sai na ga baƙin shafen nan mai ƙyalli da ke cikin kwalbar ya koma fari fat kamar an goga alli. Duk wanda ya taɓa aikin bawul ya san ma'anar wannan: iska ta shiga, kwalba ta mutu, ba ta da magani.

Maigidana ya tafi ɗaurin aure a ranar, ga Juma'a ta matso. Na ciro dayod 1N4007 guda biyu, 'yan ƙananan kayan silikon masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, na liƙa su da dalma a ƙarƙashin soket, na jona wuta. Ban ƙirga goma ba na ji wani tsiii, sannan ƙara kamar an fasa leda. Babban kafasita, gwangwanin da ke tara wuta, ya tofar da cikinsa, wari ya cika shago. Da Maigida ya dawo ya duba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kwalbar nan aiki huɗu take yi a cikin injin nan. Ka sallame ta ka ɗauko mai aiki ɗaya. Sauran ukun wa ka bar wa?"

Har yau wannan tambayar nake amsawa duk lokacin da aka kawo mini irin wannan aiki. Aikin farko shi ne wanda kowa ya sani, wato miƙe wutar AC mai kai-komo ta zama DC mai tafiya hanya ɗaya. Na biyu, bawul yana cinye wasu bolt a hanya, waɗanda suka zana injin kuma sun lissafa da wannan ragin. Na uku, wasu bawul ɗin ba sa sakin wuta sai sun ɗumama, don haka babbar wuta tana isowa ne bayan sauran bawul sun shirya karɓarta. Na huɗu, idan aka ja wuta da ƙarfi bawul yana lotsawa, bolt ya ɗan sauka sannan ya dawo, wannan lotsawar kuma tana shiga cikin sauti. Dayod na farkon kaɗai ya iya. Bolt ɗaya ma da ƙyar yake ci, kuma kana taɓa makunni ya saki komai.

Kada wani ya ɗauka ina raina dayod ne. Tun da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul mai miƙe wuta a Ingila a 1904 aka yi shekara hamsin da ɗoriya ana dogaro da kwalba, amma da silikon ya yi araha manyan kamfanoni ba su tsaya wata-wata ba. Fender Twin Reverb dayod ke cikinta tun 1963, alhali ƙanwarta Deluxe Reverb ta zamanin tana da GZ34. Marshall ta fara da GZ34 a JTM45 a 1962, bayan 'yan shekaru ta koma dayod a manyan injinanta. Bambancin shi ne su da dayod suka zana injin tun daga tushe, suka zaɓi taransifoma da kafasita da suka dace da shi. Mu kuwa gida muke shiga wanda aka gina don wani. Abin da ke tura mu kuma rashin kaya ne. GZ34 na kamfanin Mullard da aka yi a Blackburn ta Ingila ya zama kayan masu tarawa, sababbi daga Sulobakiya da Rasha da Sin suke fitowa, a 2022 kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabi saboda yaƙin Rasha da Yukiren. Masallaci ba zai jira wata guda kaya su iso ba.

Kafin ka taɓa komai

A cikin injin nan akwai bolt 400 zuwa 500, kuma kafasita yana riƙe su ko an cire filogi. Wannan wuta tana kisa, ba na faɗa don tsoratarwa ba. Ina da waya mai baki biyu irin na kada da razista 22k mai wat 5 a tsakiya, an rufe ta da roba. Baki ɗaya a jikin ƙarfen injin, ɗayan a kan ƙafar kafasita, in jira, sannan in auna da mita in tabbatar wuta ta sauka ƙasa da bolt 10 kafin in sa hannu. Kada ka gama ƙafafun da sukudireba. Idan kana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, kuma kada ka zauna kai kaɗai a shago. Wanda bai taɓa aikin babbar wuta ba, ya yi na farko a gaban wanda ya iya.

Awo kafin dalma

Kuskurena na farko a wancan ranar ba a dayod yake ba. A bayan injin akwai ɗan maɓalli mai zaɓen wuta, an ajiye shi a kan 220 tun daga ƙasar da aka ƙera ta. Wutar Nijeriya a hukumance bolt 230 ce, amma a unguwarmu da tsakar rana mita takan nuna 240. Taransifomar tana ba da bolt 330 a kowane gefe na naɗin babbar wuta idan ta sami abin da aka saita ta a kai. Ka ba ta 240 a mazaunin 220, sai 330 ya zama 360. Saboda haka abu na farko, duba wannan maɓallin, idan akwai 240 ka mayar da shi can. Idan injin ɗan Amurka ne mai bolt 120, sai da taransifomar rage wuta, kuma ka sani an yi shi ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, don haka zai fi ɗaukar zafi a nan.

Sannan ka cire bawul ɗin rektifaya, ka kunna, ka auna AC daga kowace wayar babbar wuta zuwa jikin ƙarfe. A soket mai ƙafa takwas, irin na GZ34 da 5U4 da 5Y3, wayoyin nan suna kan ƙafa ta 4 da ta 6. Su kusan daidaita. Idan ɗaya ya yi ƙasa sosai, taransifoma ce ke da ciwo, dayod ba zai warkar da ita ba. Ka rubuta lambar, ka rubuta wutar bango a daidai wannan lokaci, ka karanta bolt da aka rubuta a jikin kowane kafasita. Idan Allah ya sa ka sami aron lafiyayyen bawul ko na awa guda ne, sa shi ka auna DC a kan kafasitan farko. Wannan lambar ita ce zangon da za ka nufa.

Dayod nawa, kuma wane iri

Mita tana nuna matsakaicin ƙarfin AC ne, ƙololuwarta ta fi haka. Ka ninka da 1.414. Bolt 330 ƙololuwarsa 467 ke nan, kuma can kafasita zai cika idan babu mai jan wuta. Yanzu ka duba halin dayod ɗin da ke hutawa a wannan rabin bugun. A gabansa akwai 467 na kafasita, a bayansa wayar taransifoma ta juya zuwa 467 ta ƙasa. Abin da yake tarewa ninki biyu ne, 934. Shi 1N4007 iyakarsa bolt 1000, amfiya ɗaya. Kamar ya isa, amma a ranar da na yi ɓarna taransifoma tana ba da 360, ƙololuwa 509, ninki biyu 1018. Dayod ya wuce iyakarsa, kafasita mai bolt 450 ya sha 509. Abin da ya faru ba ƙaddarar kaya ba ce, lissafi ne ban yi ba.

Doka ta ita ce dayod biyu a jere a kowane gefe, huɗu ke nan, matuƙar taransifoma ta kai bolt 300. Kuɗinsu bai kai na shayi da burodi ba. Idan na samu na fi son UF4007, ƙarfinsu ɗaya da 1N4007 amma sun fi saurin rufewa, don haka ba sa jefa wannan ƙaramar zizar da kan shiga sauti. In babu, kafasita ƙarami 10nF mai ɗaukar bolt 2000 a kan kowane dayod yana rage ta. Ga manyan injina masu bawul huɗu na fitarwa, 1N5408 mai amfiya 3 ya fi kwanciyar hankali. Ka sayi dayod inda ka amince, domin akwai na jabu masu siririyar ƙafa da ba su kai abin da aka rubuta ba.

Haɗin kansa ba wuya. Ɓangaren dayod marar zobe yana kallon ƙafa ta 4, na ɗaya gefen yana kallon ta 6, ɓangarorin masu zobe su haɗu su nufi ƙafa ta 8, inda babbar wutar DC ke fita. Ƙafa ta 2 a bar ta ita kaɗai. Ita da ta 8 ne ke ɗauke da bolt 5 na hitar bawul, in ka gama su ka ƙona wannan naɗin na taransifoma. Ka kuma tuna cewa muddin wayar bolt 5 tana kan ƙafa ta 8, to duk naɗin yana yawo a kan bolt 400. Ni nakan zare wayoyin biyu daga soket, in rufe bakin kowace da robar nan mai tsukewa da zafi, in naɗe su gefe. Ga EZ81 mai ƙafa tara kuwa, faranti, wato inda wayoyin babbar wuta ke shiga, suna kan 1 da 7, fita a kan 3, hita a 4 da 5.

Riba ɗaya da ake samu nan take ita ce sauƙi ga taransifoma. Hitar 5U4 amfiya 3 take ja a bolt 5, wat 15 ke nan. Ta 5Y3 wat 10, ta GZ34 kusan haka. A zafin watan Afrilu wannan ba ƙaramin hutu ba ne. Amma ka sake auna wutar hitar sauran bawul bayan aiki, kada ta yi nisa da 6.3.

Razista, inda aikin yake

A nan nake daɗewa, domin nan ne ake mayar da aiki na biyu da na huɗu tare. Kowane bawul da nasa cin. GZ34 yana cin kimanin bolt 17 idan ana jan miliamfiya 225. 5U4GB yana cin kimanin 44 a wannan jan. 5Y3 wajen 50 a miliamfiya 125 kacal. EZ81 wajen 20 a 150. Ka raba bolt da amfiya ka sami razistan da ya yi kama da shi: GZ34 om 75, 5U4 kusan 195, 5Y3 400, EZ81 wajen 130.

Sai dai bawul ba razista ba ne tsantsa. Yadda jan wuta ke ƙaruwa, haka turjiyarsa ke raguwa. Kafasita kuma ba ya shan wuta a hankali, kurɓa yake yi mai ƙarfi a ƙololuwar kowane bugu, sau 100 a daƙiƙa a wutarmu, kuma kowace kurɓa ta ninka matsakaicin jan sau uku ko fiye. A wannan kurɓar razista ya fi bawul cin bolt. Shi ya sa nake farawa ƙasa da lissafi: om 56 ko 68 a madadin GZ34, 150 a madadin 5U4, 330 a madadin 5Y3, 100 a madadin EZ81. Daga nan mita ce alƙali. A injin masallacin, bayan mun mayar da maɓalli kan 240, dayod zalla ya ba mu wajen bolt 415 a kan kafasitan farko. Da muka sa om 68 ya sauko 395. Maigida ya aro GZ34 daga wata amfilifayar da ke jiran gyara muka gwada, ya ba da 392. Wannan ya wadatar.

Mazaunin razistan yana da muhimmanci. Tsakanin dayod da kafasitan farko yake zama, ba bayan kafasita ba. Idan ka sa shi a baya, bolt zai ragu amma kurɓar farko za ta ci gaba da dukan taransifoma ba mai tare ta. Za ka iya sa guda ɗaya bayan mahaɗar dayod, ko ka sa ɗaya a kowane gefe. In ka zaɓi biyu, kowanne om 68 ɗin zai kasance, ba rabi ba, domin bi da bi suke aiki. Zafin ne kawai suke rabawa.

Zafin nan shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Saboda kurɓar da na faɗa, wutar da ke ɗumama razista ta kusa ninka jan DC sau biyu. Idan EL34 biyu suna jan miliamfiya 200 lokacin da aka buɗe murya, ka ɗauka 360 ke ratsa razistan. Ninka 0.36 da kansa, sannan da 68, za ka ga kusan wat 9. Razista mai wat 10 zai gasu a nan. Ina sa mai wat 25 mai rigar alminiyam in ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, ko farare biyu masu kama da alli, wat 10 kowanne, ɗaya a kowane gefe, a ɗage su daga allo iska ta ratsa, nesa da kafasita. Saboda wannan zafin ne ba na cusa razista cikin gindin mataccen bawul. Gindin yana da kyau ga dayod kaɗai: ka fasa kwalbar cikin tsumma, ka tsotse dalmar ƙafafu, ka zura dayod, ka rufe da abin da ba ya ɗaukar wuta, sai ya zama abin cirewa da mayarwa. Amma ranar da wani ya cire shi ya sa bawul na gaske, razistan da ke ƙarƙashi zai ƙara rage wuta, don haka sai an bar rubutu.

Ko ana son lotsawa ko ba a so, wannan tambaya ce ga mai kaya. Wani matashi mai kaɗa jita ya taɓa kawo mini ƙaramar amfilifayar Amurka mai 6V6 biyu da 5Y3, ya ce daga wajen Agadas ya zo da ita. Wani ya riga ya sa masa dayod zalla. "Maigida," in ji shi, "ƙarar ta ƙaru, amma tsirkiyar ta daina numfashi." Na gane abin da yake nufi. Idan ya bugi tsirkiya da ƙarfi, da bawul wuta takan ɗan durƙusa, kaifin bugun ya yi laushi, sannan sautin ya kumbura ya daɗe. Na sa om 330, ya zauna a kan benci ya buga, ya rufe ido, ya ce a ɗan rage. A kan 270 muka tsaya. Shi kuwa masallaci ba ya neman wannan. Muryar ladan ana so ta fita tas daga lasifika, ba ta noƙe ba.

Idan abin da kake so rage bolt ne kawai ba lotsawa, akwai zena dayod, irin dayod ɗin da ke cinye ƙayyadadden bolt. Ana jera su a kan wayar da ke fitowa daga tsakiyar naɗin babbar wuta kafin ta taɓa jikin ƙarfe. 1N5352B bolt 15 yake ci, wat 5 yake ɗauka. Guda biyu sun sauke maka bolt 30, ko ana ja ko ba a ja. Ɓangaren zobe yana kallon jikin ƙarfe. Su ma suna zafi, a bar musu doguwar ƙafa. Kuma idan injin yana ɗebo wutar bayas, wato wutar da ke saita yawan jan bawul ɗin fitarwa, daga wannan naɗin, taɓa wayar tsakiya zai motsa bayas, sai an sake saiti.

Jinkiri

GZ34 da EZ81 suna da katod, wato ɓangaren da ke sakin wuta idan ya yi zafi, dabam da hita ke ɗumamawa, shi ya sa sukan ɗauki daƙiƙa goma ko fiye kafin wuta ta hau. 5U4 da 5Y3 kuwa zarensu shi ne katod, cikin daƙiƙa biyu ko uku sun saki wuta. Injin da aka yi don waɗannan biyun ya riga ya saba da hawan wuta kafin sauran bawul su farka, don haka matsalar jinkiri ta fi shafar masu GZ34.

Abin da ke cikin haɗari a waɗannan daƙiƙun kafasita ne. Babu mai jan wuta, razistanka ba ya rage komai, duk layin ya cika zuwa 467, har kafasitocin can ciki da a da ba sa ganin fiye da 300. Ra'ayina, kafin ka yi tunanin wata dabara, sauya su da waɗanda za su iya ɗaukar wannan ƙololuwar har da ƙarin kashi goma cikin ɗari na hawan wutar gari ko janareta. Idan babu mai ɗaukar wannan, jera biyu masu 350, kowanne 100µF, da razista 220k mai wat 2 a kan kowanne don su raba nauyi daidai. Ka sami 50µF mai ɗaukar 700, razistocin kuma za su riƙa zubar da wuta bayan an kashe. GZ34 ba ya yarda kafasitan farko ya wuce 60µF, 5U4 kuwa 40. Dayod ba ruwansa da wannan iyaka, amma taransifoma tana da ruwa, domin babban kafasita kurɓarsa ta fi zafi. Ba na wuce 100µF a tsohon inji.

Idan injin yana da makunni na biyu na babbar wuta, a koya wa mai shi ya jira rabin minti. Sai dai a masallaci hannu da yawa ke taɓa kaya, ga wuta tana ɗaukewa tana dawowa ba sallama. A irin wannan wuri nakan ƙara mosfet, wani taransista mai ƙafa uku, diren da sos da get, mai ɗaukar bolt 1000, kamar IRFBG30, bayan kafasitan farko. Wuta ta shiga ta diren ta fita ta sos. Get ɗinsa ana ciyar da shi daga diren ta razista 470k, da kafasita 22µF zuwa ƙasa mai ɗaukar cikakken bolt, sai wuta ta hau a hankali cikin daƙiƙa goma sha wani abu. Zena mai bolt 12 tsakanin get da sos, ƙaramin razista om 100 a manne da ƙafar get. Bayan mosfet ɗin babbar wuta ce a kansa, dole a raba shi da ƙarfen shan zafi da takardar maika da ba ta ɗaukar wuta. Kafasitan farko dai yana nan yana ganin ƙololuwa, wannan dabarar ba ta cece shi ba. Shi kuwa tamista, razistan da turjiyarsa ke raguwa idan ya ɗumama, da ake sawa a wayar shigowar wuta yana tausasa bugun kunnawa ne kawai, ba ya ba da jinkirin da za a kira jinkiri.

Akwai wani wuri ɗaya da nake dubawa a injinan da ke bin tsarin Fender Bassman da Marshall, inda farantin wani bawul ke haɗe kai tsaye da girid na gaba, wato ƙafar da sauti ke shiga bawul ta cikinta. Kafin ɗumama, girid ɗin yana hawa ɗaruruwan bolt alhali katod yana ƙasa. Dayod 1N4007 da razista 47k a jere daga girid zuwa katod, zobe wajen katod, yana kare shi, kuma da inji ya ɗumama dayod ɗin ya rufe ya fita daga hanya.

Fiyus kuma kada a manta. Dayod idan ya mutu yakan haɗe ne, ya tura AC cikin kafasita, taransifoma ta fara dahuwa, fiyus ɗin bango kuma ba lallai ya ji da wuri ba. Ina sa fiyus mai jinkirin tsinkewa na miliamfiya 500 a wayar tsakiya. Dayod ana samu a kowane lungu, amma taransifomar irin wannan inji sai dai a kai wa mai naɗi, kuma da wuya ta dawo yadda take.

Kunnawar farko da bayas

Ba na jona gyararren inji kai tsaye. Ina da allo da kwan fitila irin na da mai zare, wat 100, a jere da soket. Lasifika a jone, murya a ƙasa. Idan komai lafiya, kwan zai yi haske farat ɗaya ya dushe ya koma ja-ja. Idan ya tsaya da haske, kashe ka nemi inda ya haɗe. Mita tana kan kafasitan farko tun kafin in kunna, ina kallon lamba ta hau ƙololuwa sannan ta sauko yayin da EL34 suka fara ja. Bayan nan in cire kwan in jona kai tsaye, domin duk awon da aka yi ta cikin kwan ƙasa yake da gaskiya.

Ko bolt 10 ne suka ƙaru, jan bawul ɗin fitarwa zai ƙaru. EL34 wat 25 yake ɗauka a faranti, 6L6GC 30, EL84 12, tsohon 6V6GT shi ma 12. A injin da ake saita bayas da hannu, ba na wuce kashi 70 cikin ɗari idan ba a magana. Ga EL34 wat 17.5 ke nan, a raba da bolt 395, ya ba da miliamfiya 44. Ina sa razista om ɗaya tsakanin katod da ƙasa, sai kowane milibolt a mita ya zama miliamfiya ɗaya. Idan bayas ɗin na razistan katod ne, ka auna bolt a kansa ka raba da om ɗinsa, in ya yi yawa ka ƙara girman razistan mataki ɗaya. Sannan ka kashe fitilar shago ka leƙa farantan. Hasken hita a tsakiya daidai ne, amma jan tabo a jikin faranti yana nufin kashe nan take.

Na masallacin mun bar ta a kunne awa biyu da rediyo a jone. Bayan mun kashe mun zubar da wuta, Maigida ya ɗora bayan hannunsa a kan taransifoma, ya matsa kusa da razista, ya gyaɗa kai. Ya ba ni farin fenti da tsinke ya ce in rubuta a jikin ƙarfen kusa da soket ɗin da ya zama fanko: dayod huɗu, om 68, fiyus 500, bolt 395 a wutar bango 240, bayas 44, kada a sa bawul. Da dattijon ya zo ɗauka ranar Alhamis da la'asar ya leƙa ya ga ramin, ya ce, "Malam, kwalba ɗaya fa ba ta nan." Maigida ya miƙa masa ita a naɗe cikin jarida, ya juya injin ya nuna masa rubutun, ya ce duk wanda zai buɗe ta nan gaba a nuna masa wannan tukuna.